Gida Naka Ne

Shekarar da fari ya cinye gonakinmu ina ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye gefen Dogarawa, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Mushe, malaminmu, yakan rubuta labari da Faransanci a allo, ya ja layi ƙarƙashin wata magana, ya ce mu faɗi abin da take nufi a nan wurin. Wanda ya fassara kalma bayan kalma sai ya haɗa yatsu ya sha rula. "Ku dubi wa ya faɗa, kuma mi shika yi sa'ad da ya faɗa," in ji shi. Ni ban taɓa shan rular nan ba. Har na ɗauka duniya ma allo ce.

A gida, bayan magariba, mukan kewaye wutar kara a ƙofar ɗakin Kaka Ige, mahaifiyar babana, mu ji tatsuniya. Tsohuwa ce mai daɗin murya da ɗacin zuciya. Ita ke riƙe da rumbu, ita ke auna hatsin da za a daka, kuma wanda ya burge ta cikin jikoki shi take ba ƙanzon tukunya. A shekarar nan ƙanzo ba abin wasa ba ne.

Muna da baƙi a lokacin: Inna Tsahara, ƙanwar mahaifiyata, da 'yarta Rabi mai shekara huɗu. Daga wajen Tajaye suka zo da ƙafa. Mijinta ya tafi cin rani Najeriya, shiru, kuma gidansu ko ƙwaya babu. Kowa ya san in suka bar gidanmu ba su da wurin zuwa. Inna Tsahara ita ke surfe, ita ke ɗebo ruwa, ta ci loma uku ta ce ta ƙoshi.

Ran nan Kaka ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tahe, wa ka tarbon ta?" Muka ce mu ne.

Wai an yi yunwa a daji, kunkuru ya sauka gidan zabuwa. Zabuwa ta yi masa shimfiɗa ta ce, gida naka ne. Kwana uku ta sake faɗa masa haka, amma tana share ƙarƙashin tabarmarsa. Kwana bakwai ta ɗauko sandarsa ta jingine a bakin ƙofa, ta yi murmushi ta ce, gida naka ne. Kunkuru ya yi godiya ya gyara kwanciya. 'Ya'yan zabuwa suka yi ta ramewa. Daga ƙarshe zabi suka taru suka kifar da shi ta baya a tsakiyar rana, suka bar shi yana harba ƙafafu har ya daina.

Kaka ta tura kara cikin wuta. "To, ɗiyan lakwal. Da zabuwa tac ce gida naka na, tana aje sanda bakin ƙohwa, mi taka nuhi?"

Yayuna suka sunkuyar da kai. Na ɗauka rashin sani ne. Mahaifiyata ta dube ni, irin duban da ke cewa rufe bakinka, amma ƙanzo nake gani. Na miƙe tsaye kamar a aji, har da ɗaga yatsa.

"Nuhinta shi tashi shi tahi, Kaka. Hatsi ya ƙare, baƙo ya isa haka nan."

"Ƙara hwaɗi, kunnena ya tsuhwa."

Na ƙara faɗa da ƙarfi. Ta miƙo mini ƙanzon, na cinye shi tas, Rabi tana kallon bakina. Inna Tsahara ta saɓa ta a kafaɗa ta ce sai da safenmu. Da na dawo daga lakwal washegari sun tafi. Mahaifiyata ba ta doke ni ba, kuma da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Wata guda tana ajiye mini kwano ba tare da ta kira sunana ba.

Na ci jarrabawa, na zama malami, ni ma na yi shekaru ina jan layi ƙarƙashin magana. Wata rana a kasuwar Badagishiri na ga tsohuwa tana kasa albasa, na gane ta, Inna Tsahara ce. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi Rabi.

"Rabi ba ta ga damanar shekarar ba, ta rasu," in ji ta. Da ta ga hawayena ta dafa kaina. "Bari, ɗana, daidai ka amsa. Ni ma na gane tun rana ta hwarko. Amma muddin ba wanda yaf hwaɗa a hili, ina iya yi kamar ban ji ba."

Sai ranar na san kowa a bakin wutar nan ya san amsar. Yayuna sun sani, mahaifiyata ta sani, Kaka kuwa kunya ta hana ta korar baƙuwa da bakinta, shi ya sa ta nemi wawa mai ƙoƙari a aji. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma ban yafe wa Kaka ba, kuma ban yafe wa yaron da ya ɗaga yatsa ba.