Kifi a Gonar Gero: Tafiyarmu Haɗeja da Wasan Kwamfuta

Mun tashi daga Kano da asuba, ni da abokin aikina, ɗauke da faifan wasan kwamfutar da muka haɗa. Ɗan wasan manomi ne a fadama, yana shuka, yana kiwo, yana tsere wa ambaliya. Wata sakandare a Haɗeja ce ta samu kwamfuta guda, shugabanta kuwa ya ce in bai ga amfaninta ga ɗalibai ba, ofishin ilimi zai karɓe ta. Shi ya sa muka tafi mu nuna masa wasan.

A Jahun muka karya da ƙosai da koko. Bayan Kafin Hausa ruwa ya kwanta hagu da dama, shinkafa kore shar, kifi kuwa arharsa ta sa direba ya taka birki ba wanda ya roƙe shi. Duk hanya gardama muke. Furogiram ɗin mun tsara shi tsaf, komai da gurbinsa. Amma fayil ɗin bayanai, inda aka rubuta tsayin ruwa da gonaki da dabbobi, abokina ya ce buhu ne, a zuba a ɗaure, ba ruwansa da ƙa'ida. Ban yarda ba, sai dai ba ni da hujja.

Malamar lissafi, 'yar Filato, ita ta tarbe mu. Aji ya cika, shugaba na tsaye a baya. Ta kalli wasan ta ce, "Malam, ruwan naku ya cika kunya. Namu ƙirji yake kaiwa. Ku ƙara."

Abokina ya buɗe fayil ya canza lamba. Ashe tsayin ruwan a wurare barkatai yake rubuce, shi kuma ɗaya ya taɓa. Innalillahi! Kifi na iyo a busasshiyar gonar gero, kwalekwale ya hau kan rumbu, garken shanu guda ya nutse alhali manomi na gefensa ƙafa ko jiƙewa ba ta yi ba. Ɗalibai suka fashe da dariya. Shugaba bai yi ba. Ya ce, "Kashe," ya fita. Malamar ta raɗa mana cewa shanun mahaifin shugaban ruwa ya cinye bara.

Ko tuwon shinkafar da aka kawo ba mu taɓa ba. Muka tattara tsayin ruwan a layi guda, komai ya riƙa karantawa daga nan. Bayan la'asar malamar ta je ta roƙo shugaban. Da hannunsa ya ƙara lambar, ruwa ya taso bai ɗaya, ya kora shanun zuwa tudu, ko ɗaya bai rasa ba. Sannan ya ce, "A bar wa yara kwamfutar."

Washegari muka dawo Kano. Na koyi cewa abin da aka rubuta a wuri biyu, wata rana sai ya ƙaryata kansa, kuma ba kai ke zaɓar a gaban wa hakan zai faru ba.