Sista Rose, mai korar 'yan rakiya

Kafin a buɗe ƙofar ɗan asibitin nan na Gomari, Sista Rose Dzarma ta riga ta share ɗakin hoton ciki, ta sa robar man shafawa cikin ruwan ɗumi don kada sanyi ya taɓa cikin kowa. Daga nan sai aikin da ya sa rabin tsofaffin unguwa ke jin haushinta: korar 'yan rakiya. Ko ke ce kika haifi mai cikin, a benci za ki zauna kina gadin takalma. Ni ma na yi gadin.

Yanzu da za ta ajiye aiki, Gumsu ta ce in faɗi nata labarin.

Shekarar da aka yanke layin waya Gumsu da mijinta Ba'ana suka gudo daga Konduga. Ta zo da ƙaramin ciki, jini na ɗan ɗiga, surukarta na biye da ita. Da aka tambaya ko an taɓa yi mata tiyata, surukar ce ta amsa, wai a zuriyarsu mace da kanta take haihuwa. Gumsu ta sunkuyar da kai. Sista ta lura, ta nuna wa tsohuwa benci.

Da Gumsu ta sassauta zani sai ga tabo. Ashe a gidan iyayenta ta yi haihuwar fari, tiyata aka yi, aka rufe maganar don gudun gori. Sista ta ɗora na'urar, ta daɗe tana kallo. Cikin bai shiga ɗakin mahaifa ba, a jikin tsohon ɗinkin ya manne. Ta kira likita, ya tabbatar: in aka bar shi ya girma, wurin zai yage, jini ya ɓalle, a rasa mahaifa ko a rasa Gumsu.

Gumsu na kuka, abin da ta roƙa kawai kada surukarta ta ji.

“'Yata, tabonki naki ne,” in ji Sista. “Amma ranki ba zan ɓoye wa mijinki ba.”

Ba'ana kaɗai aka shigar, ya yarda. Aka yi mata allurar da ke tsayar da irin wannan ciki, aka ce ta riƙa zuwa gwajin jini har alamar cikin ta sauka. Da surukar ta fara tambayar yawan zuwa asibitin na mene ne, Gumsu ta daina zuwa. Ba waya, ba babur, ga shingen sojoji. Sista ta tako da ƙafa har gidansu, ta yi sallama, ta ce ta zo karɓar turaren wutar da Gumsu ta yi mata alkawari. Ta fito da turaren da mai turaren.

Sista Rose, ke ce wadda na sha kai wa goro don in ji sirrin wata, ki ci gorona ki tambaye ni ciwon gwiwa. Ke ce rufin asirin matan Gomari.

Yau Gumsu na goyon Muhsinat, wadda aka ciro da tiyata a kan sanin kowa. Surukar da kanta ke kiran yarinyar Sista.

Mun gode, Rose, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku 'yan matan da za ku gaji ɗakin nan, ku ɗumama man, ku rufe ƙofa. In kun gan ni a bakinta, ku nuna mini benci.