Kiryoyin Gonar Baba

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar mahaifinmu, Baba Maƙeri, a ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Har yau in na ga buhun gawayi a bakin titi sai na kau da kai.

Baba da gawayi ya rayu. Yana yaro ya tsinci kwal ɗin da ke zubowa daga jirgin ƙasa, ya gwada a maƙera, ya ce warinsa kaɗai ya ishe shi. Shi dai gawayin itacen kirya. Amma maƙeran gidanmu suna da ƙa'ida: ba a ƙona kirya sai wadda ta bushe da kanta. Akwai uku a gonarmu, tun na kakansa.

Sai aka shiga wahalar kananzir ta shekarun casa'in. Ina unguwar Takur a Dutse da iyali, risho ya zama kayan ado, motoci suka fara shiga ƙauyuka neman gawayi. Baba na kwance da ciwon ƙafa. Ni kuwa, da ɗan bokona da taurin kaina, na sa aka sare biyu ɗanyu aka ƙone. Na kai kaɗan gida, sauran mota ta kwashe.

Da ya samu sauƙi ya dogara sanda ya je gona. Bai yi faɗa ba, wallahi da ma ya yi. Ya daɗe yana kallon kututturan, sannan ya ce, "Sani, da me jikanka zai ƙera fartanya?" Na ce ai za a dasa wasu. Ya ce, "Kirya? Ba ka san ta ba."

Ya rasu shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ban taɓa buɗe baki na nemi gafararsa ba. Abin da ke ci na ke nan.

Yanzu gida-gida a Dutse da gawayi ake girki. Zafi ya ƙaru, damina ta rikice, a rediyo ana cewa hayaƙin kwal na manyan ƙasashe ne ya ɗumama duniya. Na yarda. Amma da Baba zai ji, na san ba Turawa zai fara tambaya ba, ni zai kalla.

Kirya ta ukun tana nan, dillalan gawayi sun gaji da zuwa, na ƙi sayarwa. Ƙanena da ya gaji maƙerar yana sayen gawayin da ko ƙarfe ba ya nuna da kyau. Cikin kiryoyin da na dasa daga baya, ɗaya ce ta rayu. Shekara ashirin, kaurinta bai wuce taɓarya ba.

Allah Ya jiƙan ka, Baba. Yanzu na san ta.