Jan Fentin Babur ɗin Kawu

Sana'ata saye da sayar da tsofaffin babura ce, kuma a shekarun wahala na kafu. Lokacin da fari ya biyo fari, kuɗi ya lalace, masaƙun Kano suka riƙa sallamar ma'aikata, sabon babur ya fi ƙarfin talaka. Sai tsofaffin 'yan Japan da aka jingine a zaure da bayan rumbu suka zama dukiya. Ni kuwa ina da rumfa a bakin titi a Minjibir, kuma na iya haɗa matattu biyu in tashi da rayayye ɗaya. Malamin makarantar da albashi ya ƙi zuwa ya kawo nasa in saya, in wanke injin da kananzir, in canza ringi da fulogi, in sayar wa mai fataucin awaki. Mutane suna ramewa, ni ina ƙara faɗin rumfa. Ban ha'inci kowa a ciniki ba, amma na san inda ribata take fitowa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, malami ne a wani ƙauye arewa da mu. Magidanta yake karantarwa a zaurensa, bayan asuba da bayan la'asar. Shi ya riƙe ni da mahaifina ya rasu, shi ya kama hannuna ya kai ni wajen bakaniken da ya koya mini aiki. Gonarsa rabon gado ya yanka ta har ta koma kamar shimfiɗar tabarma, kuma a ƙasarmu gona tana jikin gona ne, babu dajin da mutum zai sara ya ƙara. Abin da yake ciyar da gidansa zakkar hatsi ce. In kaka ta yi, manomi ya ware dami ɗaya cikin goma, ya duba wanda ya cancanta ya kai masa. Malam ba ya roƙo, manomi ba ya tambaya. Da ido ake aunawa: a dubi rigar mutum, a dubi katangar gidansa, a dubi abin hawansa.

Abin hawan Kawu babur ne ɗan Japan mai salansa biyu, wanda ya saya tun gyaɗa tana da daraja. A lokacin da nake magana, tankin ya lotsa, fentin ya koɗe ya koma launin ƙasa, kujerar da tsohuwar robar taya aka ɗaure ta. Salansa ɗaya waya ce take riƙe da ita. Tun daga nesa ake jin zuwansa, a ce ga Malam nan. Da shi yake zuwa suna da jana'iza da rabon gado a ƙauyukan da ke kewaye. Duk da wannan tsufa, injin bai taɓa yin amai da mai ba. Mutanen da suka ƙera baburan wancan zamani ba don a jefar suka ƙera su ba.

Wata rana da bazara ya turo shi har rumfata, gumi ya jiƙa masa rawani.

Ya ce, "Ɗan nan, duba mini tsohon nan. Tari yake yi, ya ƙi tashi."

Na ce, "Kawu, wannan ai ba tari ba ne, wasiyya yake bari."

Ya yi dariya ya ce, "To ka tashe shi ya ƙarasa. Tashi kawai nake so ya yi, ban ce ka yi masa kwalliya ba."

Na ji maganar sarai. Na ba shi aron keke ya koma gida, na ce aikin zai ɗauki lokaci.

Aikin yini ɗaya ne, kafireta ce ta toshe. Amma na kwance babur ɗin gaba ɗaya, na baje shi a kan buhu har ƙusa ta ƙarshe. Na shiga Kano na samo tanki marar lotsawa, na sa aka fesa masa jan fenti. Na kai kujerar wajen baduku ya lulluɓe ta da baƙar fata. Salansa biyun na zauna da toka da lemon tsami ina dirza har sai da na ga fuskata a jiki. Na sa madubai, na sa sabuwar fitila. Da na gama na hau shi na bi hanyar da ta ratsa gonaki, ana sharar gona ana jiran ruwa. Tsohon ya daina tari, sai wani gurnani mai laushi, kana murɗa shi yana amsawa. A duk baburan da suka bi ta hannuna ban hau wanda ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Rabin wannan aiki don Kawu na yi shi, ina so in saka wa mutumin da ya riƙe ni. Ɗaya rabin don kaina. Na san babu ƙauyen da Kawu ba ya shiga, kuma duk inda ya tsaya sai an tambayi wanda ya yi aikin. Ɗan kasuwa ne ni, na ga talla da za ta yi yawo ba tare da na biya ba.

Da ya zo karɓa, ya zagaya babur ɗin yana dubawa.

Ya ce, "Ina nawa?"

Na ce, "Shi ne wannan, Kawu."

Ya shafa tankin da bayan hannu. Ya ce, "Ka wahala. Allah ya yi maka albarka. Tsohon tankin fa?"

Na ce na riga na ba 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Ya gyaɗa kai, ya tattare riga ya hau, ya tafi a hankali kamar wanda aka ba shi aro.

Tallar ta ci. Har daga wajen Tofa aka riƙa turo mini babura, wai a yi musu irin na Malam. Damina ta wuce, kaka ta wuce, aiki ya hana ni leƙa ƙauyen sai gaisuwa a bakin mutane. Sai da wata daminar ta yi tsakiya, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, na je gaishe shi.

Ban same shi ba, ya tafi jana'iza. Babbar 'yarsa na tarar a tsakar gida, taubashiyata, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta. Tana tsinke ganyen tafasa a faranti. Tun muna yara ba ma raga wa juna.

Ta ce, "A'a, ga sarkin ƙarfe. Yau ka tuna hanya?"

Na ce, "Ke dai bakinki bai tsufa ba. Ina furar baƙo?"

Ta ce, "Fura? Bari Baba ya dawo ka lashi tankin, ai ja ne kamar manja."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ajiye farantin ta ce in biyo ta. Ta kai ni gindin rumbu ta ce in hau in leƙa. Na ɗaga murfin, na ga ƙasan rumbun fes, an share har ƙaiƙayi.

Ta ce, "Wanda ya saba kawo dami uku, ɗaya ya kawo. Wanda ya saba kawo ɗaya, ya durƙusa ya gaishe shi ya wuce da kayansa wani gidan. Cewa ake wani attajiri a birni ya saya wa Malam sabon babur, Malam ya samu. Har masu neman rance sun fara sallama."

Na ce, "Bai gaya musu ba?"

Ta ce, "Ya tsaya a masallaci ya ce yunwa yake ji? Ka san kawunka. Kuma shi ya karantar da su cewa zakka ba ta halatta ga mawadaci. Karatunsa suka bi."

Ban ga laifin manoman ba. Shekarar ba ta yi kyau ba, kowa ɗan abin da ya ware kaɗan ne, ga gwauraye ga marayu. Mutum ya ga malami a kan babur mai walƙiya, ya ga maƙwabcinsa da yagaggiyar riga, ina zai kai?

Da Kawu ya dawo muka zauna a zaure, babur ɗin yana gefe yana sheƙi a cikin duhun ɗakin. Na ce ya ba ni shi in sa masa tsohon tanki, in kankare fentin, in ɗaure kujerar da roba kamar da.

Ya ce, "Wato in sa tsumma don a ba ni. Da can tsufansa na gaskiya ne, ba ni na ɗora masa ba. In na kankare shi yanzu, na zama mai yaudarar mutane a kan hakkin Allah."

Na ce to zan bi kasuwa in faɗa wa kowa ni na gyara, kyauta.

Ya ce, "Faɗa. Sai su ce Malam yana da ɗa mai hali, ya ɗauke musu nauyi. Kai da kake ɗan kasuwa ba ka hango wannan ba?"

Bai ɗaga murya ba, bai kuma tuna mini abin da ya ce ranar da ya turo babur ɗin ba. Da ya tuna mini da na fi samun sauƙi.

Na koma na sayar da babur guda na sayi gero na kai masa. Ya karɓa ya sa albarka. Amma gidan babba ne, ga baƙin da ke zuwa ɗaukar karatu su kwana, kuma abin da gari guda yake ɗauka rumfa ɗaya ba ta iya ɗaukarsa. Buhunan da aka ga ana saukewa a ƙofar gida ma sai suka ƙara wa zancen ƙarfi. Kafin gero ya nuna, Kawu ya sayar wa maƙwabcinsa gefen gonar nan tasa ta gabas, inda wata kuka take. Bai yi shawara da ni ba, bayan an gama na ji. Na je wajen wanda ya saya na yi masa tayi mai tsoka. Ya ce, "Ɗana, kuɗi yau ne, gona har jikoki." Da ni ne ma abin da zan faɗa ke nan.

Ana gab da fara girbi, Kawu ya hawo babur ɗin har rumfata, ya kafe shi a inuwa ya miƙo mini makulli.

Ya ce, "Ajiye shi a wajenka. Dabbar da ba ka iya ciyarwa ba taka ba ce, kuma man fetur ya fi ƙarfina. Keken nan da ka taɓa ba ni yana nan?"

A keke ya koma. Da gwiwa ta gaza, ya koma tafiya a ƙasa da sanda, dattijo yana ratsa gonaki zuwa jana'izar mutane. Damin zakka ya dawo, amma ba duka ba, don wasu sun riga sun saba da wata ƙofar. Har ya rasu bai sake tambayar babur ɗin ba, ko da ya zauna a rumfata yana kallonsa.

Da aka zo rabon gado na kai shi na ajiye a gaban magada, aka yi masa kuɗi na saya. Yana nan wajena har yau. Masu sha'awar tsofaffin babura suna zuwa daga birni su yi ta zagaya shi suna tayi, ni da na sayar da duk abin da ya shigo hannuna in ce musu wannan ba na sayarwa ba ne. Ina canza masa mai, ina goge salansar da toka. Ban iya barinsa ya koɗe ba, ban kuma iya kallon jan fentin nan da daɗin rai ba.

Duk kaka nakan ɗaure buhun gero a bayansa in kai wa taubashiyata. Hanyar ta gefen kukar nan take bi, yanzu jikokin maƙwabcin ne suke noma wajen. Bara da na isa ta fito ƙofar gida, ta tsufa, tana dogara bango. Ta dubi babur ɗin ta dube ni.

Ta ce, "Har yanzu yana sheƙi."

Na ce, "Yana yi."

Ta ce, "To sauke geron ka tura shi bayan gida. Ina da maƙwabta, kuma kaka ta yi, ana fitar da zakka."

Na tura shi bayan gida.