Tambayar da Ban Isar wa Likita Ba

Shekara biyar ke nan da Umma ta rasu, ta bar mini ɗakinta na unguwar Kwamba da farar kujerar roba da take salla a kai. Yayyena duk sun koma Abuja. Ni da kujerar muka rage.

Shekara biyu kafin rasuwarta aka yi mata aikin sauya gwiwa. Ana gobe aikin, likita ya zaunar da mu ya ce saura magana ɗaya, ƙoƙon gwiwa: ko a kankare bayansa a liƙa masa roba, ko a bar shi yadda Allah ya halitta. Da Turanci yake bayani, ni ce tafinta.

Umma ta taɓa hannuna. "Uwata, tambaye shi, wanne ne zai bar ni in kai goshina ƙasa?"

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba. Sai na ga tambayar ta yi ƙauyanci a ofis mai sanyi haka, na juya ta na ce, wanne ya fi ƙarko? Ya ce a nata, barinsa ba laifi. Na ce mata ya ce a bar shi.

"To, ke ce 'yar boko," in ji ta.

Ta warke, har kasuwa take zuwa da ƙafarta. Durƙuso ne ya gagara, don da ta gwada sai gaban gwiwar ya ɗau zafi. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Takan dai shimfiɗa dardumarta gaban kujera, ta kafa ido a wurin goshi.

Yanzu na karanta cewa har yau likitoci ba su daidaita a kan ƙoƙon nan ba, kuma ko an saka robar, wasu durƙuso na yi musu wuya. Wataƙila da ba abin da zai canja. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na hana likita jin mai ɗaki. Da tana nan, na san dariya za ta yi: "Har yanzu kina kan gwiwar da ƙasa ta cinye?"

Da na sani ƙeya ce. Kowace la'asar nakan matsar da kujerar, in shimfiɗa dardumar. Wurin ƙafa ya koɗe, wurin goshi kuwa kamar sabo. Nan nake kai nawa, in daɗe ina roƙa mata gafara kafin in ɗago.