Buhun Gero a Bayan Jar Mota

Jiya Keke Napep ya faɗa rami da ni a Gawon Nama, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai, shi da tsohuwar jar motarsa mai ƙofa biyu, irin ta tsere. Shokozobanta na baya sun mutu, da ta taka rami sai ta yi ta rawa. Maganin da ya samo shi ne ya danne but, wato wurin zuba kaya na bayanta, da buhunan gero.

Ranar Asabar nakan raka shi wajen masu kayan gyara neman shokozoba irin nata. Cikin motar warin fetur ne da ƙaiƙayin gero. Kafin mu isa sai ya tsaya a ƙofar wani gida a Mabera, ya ce a sauke buhu ɗaya.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ba nauyin muke so ba?"

Ya ce, "Motag ga ta zauna da yawa, ɗana. Ba ka ji tana sharar ƙasa ba?"

Ni dai ban ji komai ba.

Bayan rasuwarsa muna kwashe ɗakinsa na ga shokozoba biyu sababbi a ƙarƙashin gado, gara har ta cinye kwalin. Har yau ina tambayar kaina yaushe ya same su, kuma me muke fita nema.

Ya Allah, yadda ya riƙa sauke buhu a ƙofar mutane, ka sauke masa nasa nauyin.