Jandarma a Ƙarƙashin Ledarmu

Ku ji, yau jandarma ya fake cikin leda ɗaya da ni da Baba.

Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi kifi ya gagare mu a kasuwa, shi ne muka ɗauki fatsa muka tafi tafki. Ruwa ya tsuge, muka lulluɓa da leda. Sai ga motar jandarmomi masu kwashe baƙi, ta tsaya. Katin zaman Baba kuwa ya ƙare. Tanar da ke hannunsa ta faɗi, bai ɗauka ba.

Baba ya raɗa mini, "Hadiza, in sun tafi da ni, ki nemi tasi zuwa unguwarmu, Nombakélé."

Ɗaya ya sauko da gudu ya kutsa tsakaninmu, hularsa tana ɗiga a ƙafata. Ashe motarsu ce ta mutu.

Sai zaren fatsar ya miƙe. Baba ko motsi. Jandarman ya ce, "Tsoho, ja mana, zai tsere!" Ya fizge sandar fatsar, ya zame, ya zauna daɓas cikin laka. Ƙatuwar tarwaɗa ce.

Baba ya ce, "Shef, taka ce."

Jandarman ya rungume ta yana dariya, ya tafi bai tambayi komai ba. Miyarmu yau babu kifi, amma ga Baba can yana shanya rigarsa.